Kula da Fata da Gashi da Farce

Jawabin da wani jami'in Ma'aikatar Watsa Labarai da Wayar da Kan Jama'a ta Tarayya ya yi wa mutanen unguwar Barkin Sale, cikin garin Minna, Jihar Neja. An buga shi domin amfanin jama'a baki ɗaya.

Ina gode muku ƙwarai da kuka bar sana'o'inku kuka taru a nan da yammacin nan. Na ga har da waɗanda suka tako daga Kpakungu da Soje. Allah ya saka da alheri.

Tun da farko bari in bayyana matsayina, kada wani ya tare ni bayan taro ya nuna mini ƙurjinsa. Ni ba likita ba ne. Aikina fassara, watau in ɗauko abin da masana suka faɗa da Turanci in juya shi da Hausa yadda kowa zai gane. Abin da zan gaya muku yau daga bakin likitocin fata ya fito, sai ɗan abin da na gani da idona a gidana.

Aikin fata a jiki

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki fata kamar riga ce kawai. Alhali kuwa ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. In da za a shimfiɗa fatar babban mutum, faɗinta ya kusa murabba'in mita 2. Ita ke tare ƙwayoyin cuta kada su shiga jiki, ita ke riƙe ruwan jiki kada ya ƙafe, ita ke fid da gumi don jiki ya huce, da ita kuma mu ke jin zafi da sanyi. Bayanta na sama yana saɓewa a hankali, sabo ya maye gurbinsa a cikin kamar mako 4. Gashi da farce su ma daga fata su ke tsirowa, don haka likita ɗaya ke duba su duka.

Hausawa sun ce jiki magayi. Sau da yawa abin da ya fito a fata saƙo ne, yana gaya mana akwai abin da ke faruwa. Babban kuskurenmu shi ne mu kan yi gaggawar shafe saƙon da man kanti tun ba mu karanta shi ba.

Ƙora da makero

Bari in fara da kaina, don kada ku ce ina yi muku wa'azin abin da ban taɓa ba. Wata shekara ɗana, yana aji biyu na firamare, ya dawo daga wurin aski, bayan 'yan kwanaki sai muka ga wani fili kamar kwabo a kansa, gashin wurin ya kakkarye, ya yi fari-fari. Ƙora ce. Ni da na yi jami'a, maimakon in kai shi asibiti, sai na shiga wani kemis na sayo man nan da a ke cewa mai aiki uku. Muka shafa, ƙaiƙayi ya lafa, muka ce an warke. Bayan wata uku wurin ya kumbura yana fid da mugunya, ƙanwarsa ma ta ɗauka. Da muka je asibiti likita ya yi mini faɗa, ban ga laifinsa ba. Yaron ya warke, amma har yau akwai tabo a kansa inda gashi bai sāke fitowa ba.

Ga abin da likitan ya koya mini. Ƙwayar da ke kawo ƙora dangin fumfunar nan ce da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Tana shiga har cikin saiwar gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa. Saboda haka maganinta na sha ne, kamar wanda a ke kira girisiyofulbin, a kan sha shi mako 6 zuwa 8 ba fashi. In irin ƙwayar nan ta kama fatar jiki ta yi da'ira, ita ce makero, wannan kam sau da yawa man shafawa na ainihi ya kan ishe ta. Man nan mai aiki uku kuwa, a cikinsa akwai wani sinadari mai ƙarfi, sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi amma ya raunana tsaron fata, sai ƙwayar ta sami sarari ta yaɗu.

Ƙora tana bin aska da kilifa da mataji da hula da matashin kai. Wanzamai da masu shagon aski, ku riƙa tsabtace kayan aikinku tsakanin kai da kai, kowa kuma da sabuwar rezarsa. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko abin da ya fi ƙora muni, kamar ciwon hanta.

Ƙazwa

Ƙazwa, ko ƙarzuwa, ciwo ne na cunkoso. Wani ƙwaro ne ƙanƙane, da ƙyar ido ke ganinsa, ya kan haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da ƙugu. Inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, kamar gidajen haya da makarantun kwana da na allo, nan ta ke samun gindin zama. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Dalili kuwa, in yaro ya sosa har ya yi gyambo, wasu ƙwayoyin su kan shiga, wani lokaci har su taɓa ƙoda, a ga fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya yi duhu.

Likita ya kan ba da man fametirin ko ruwan benzil benzowet, a shafa daga wuya har tafin ƙafa, a kwana da shi, a maimaita yadda ya umurta. Wani lokaci ya ba da ƙwayar aibamektin, amma ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro. Sharaɗi babba shi ne a yi wa dukan mutanen gida magani rana ɗaya, da mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi. A wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi cikin leda na aƙalla kwana 3. Ƙaiƙayi na iya ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, kada wannan ya sa ku ce magani bai ci ba.

Ƙyasbi, da abin da ke kama da shi

Yanzu na zo kan maganar da na fi so ku tafi da ita gida. Ƙyasbi kowa ya san shi, tabbai ne masu haske a ƙirji da baya da wuya, sun fi yawa lokacin zafi da gumi. Ba shi da haɗari. Akwai sabulun ruwa da man shafawa da likita ke bayarwa, sai dai launin fata ya kan ɗauki watanni kafin ya daidaita.

Amma fa ba kowane tabo mai haske ne ƙyasbi ba. Kuturta ma haka ta ke farawa, da tabo ɗaya ko biyu, babu ƙaiƙayi, babu ciwo. Bambancin shi ne tabon kuturta ba ya jin taɓi sosai. Ma'aikacin lafiya ya kan sa mutum ya rufe ido, ya taɓa wurin da zaren auduga, in bai ji ba, to, sai a zurfafa bincike. Haka kuma in hannu ko ƙafa na yawan mutuwa, ko mutum ya ƙone bai ji ba, a hanzarta zuwa asibiti.

Kuturta ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce wadda wani likita mutumin Norwe, Hansen, ya gano a 1873. Tana iya yin shekara 5 ko fiye a jiki kafin ta bayyana, mafi yawan mutane kuwa jikinsu na kashe ta da kansa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ke warkar da ita sarai, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da su. A kan sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon irin ciwon, wanda ya fara sha kuma ya daina yaɗa ta. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, amma har yanzu a kan sami sababbin masu ita kowace shekara. Guntulewar yatsu da mu ke gani ba dole ba ce, sakamakon jinkiri ne, domin jijiyar da ta riga ta mutu magani ba ya tashe ta. Ku mutanen Minna kun yi sa'a, ga asibitin masu wannan ciwo nan kusa da ku a Chanchaga, a Saye ta Zariya kuma akwai cibiyar ƙasa ta horad da ma'aikatan tarin fuka da kuturta. Wanda ya ɓoye tabo don kunyar mutane, wata rana abin da ya fi tabo zai bayyana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hunturu da bazara

In hunturu ya shigo, fata ta kan bushe, leɓe ya tsage, ga kaushi ga faso. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka faso ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Maganin wannan yana hannunku, domin Jihar Neja ƙasar kaɗanya ce. Likitocin fata da kansu suna yaba man kaɗanya da basilin. A shafa da an fito wanka, tun jiki da sauran danshi. A rage ruwa mai zafi ƙwarai da soso mai kaushi, kada kuma a riƙa zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta cikin ruwan wanka, musamman na jarirai, don yana ƙona fata. Mai ciwon sukari kada ya kuskura ya yanke kaushi da reza, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, domin ƙaramin rauni gare shi na iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Da bazara kuma sai ƙurajen zafi, musamman ga yara. Tufafin auduga marasa nauyi da wanka da zama a inuwa sun isa.

Ƙurajen fuska

Samari da 'yan mata, ƙurajen da ke fito muku lokacin balaga ba ƙazanta ce ta kawo su ba. Maiƙon fata ne ya yi yawa ya toshe ƙofofin gashi. Matsa su shi ke barin baƙin tabo, wanda ya fi ƙurjin daɗewa. Akwai magunguna na shafawa da na sha, amma sai an yi haƙuri mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Wasunsu suna cutar da ɗan tayi, don haka mace mai ciki, ko mai sa ran ciki, lalle ta gaya wa likita.

Man bilicin

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, zan taɓo inda ke da zafi, ko da ya ke yanzu har da maza a ciki. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan ƙara hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Abubuwa uku ne suka fi yin ɓarna a cikin mayukan nan. Na farko sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa, in an yi tiyata ɗinki ya ƙi kamawa. In an daɗe a kai yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na biyu haidurokwinon, wanda da farko ya kan haskaka, daga baya ya bar baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya fita. Na uku zaiba, wadda ke ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga jariri a ciki ko ta nono. Zaiba ce ta gurɓata ruwan garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gane cutar a 1956, da sunan garin ne kuma ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar hana ta a 2013. Dokar ƙasarmu ta haramta sa zaiba da sitiroyid cikin kayan kwalliya. Haɗin da a ke damawa a ɗura a kwalba ba suna ba lamba kuwa, ko mai sayarwa ba lalle ne ta san abin da ke ciki ba. Mafi muni shi ne shafa wa yara.

Baƙin da ke fatarmu garkuwa ne daga zafin rana. Dubi 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda aka haifa ba su da shi, yadda rana ke ƙona su har ta kai ga ciwon daji na fata. Su lalle ne su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu da man kare rana, duk gyambon da ya ƙi warkewa kuma a kai shi asibiti. Abin da su ke nema ido rufe, shi wasu ke sayen mai don su kankare. Kada garin neman gira a rasa ido. Wadda ta daɗe tana shafa mai ƙarfi ta nemi likita ya nuna mata yadda za ta janye a hankali, domin bari farat ɗaya ya kan sa fuska ta yi bore.

Gashi

Gashi na tsiro kamar santimita 1 a wata, zubar sili 50 zuwa 100 a rana kuwa ba ciwo ba ne. Mai jego ta kan ga gashinta na zuba watanni kaɗan bayan haihuwa, wannan yana komowa da kansa. Abin da ba ya komowa shi ne wanda kitso mai tsauri ya daɗe yana ja, har goshi da gefen kai suka koɗe. In kitso ya hana barci, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin gashi, ya yi tsauri, a kwance shi. Makitsa, ku sassauta hannu, musamman a kan yara. Man miƙar da gashi ma in ya daɗe a kai yana ƙona fata ya bar tabo.

Amosani yana jin sabulun kai na musamman, amma ya kan dawo in an bari. Sanƙo gado ne, akwai maganin da ke rage shi muddin ana shafawa, amma babu wanda ke kawar da shi baki ɗaya, kada a cuce ku. Maza masu ƙuraje a ƙeya ko a haɓa bayan aski, ku daina ƙwalƙwal, ku ga likita tun ƙurajen ba su haɗe sun zama tudu ba. Baƙin lalle da a ke haɗawa da rinin gashi ya kan sa hannun wasu ya kumbura ya yi bororo. Wadda ya taɓa yi wa haka kada ta sāke.

Farce

Farcen hannu na tsiro kamar milimita 3 a wata, na ƙafa ya fi shi nawa. Don haka in fumfuna ta kama farce ya yi kauri ya dafe, maganin sha ya kan ɗauki kamar mako 6 ga hannu, mako 12 ga ƙafa. Masu yawan aikin ruwa, kamar wanki da wanke-wanke, gefen farcensu ya kan kumbura, su riƙa tsane hannu sosai. Ɗan karkare in ya yi mugunya a bar ma'aikacin lafiya ya fasa. A yanke farcen ƙafa a miƙe, kada a bi lungu. In za ku ba masu yawon yankan farce hannunku, ku ba su almakashinku ko sabuwar reza.

Farcen da ya lotsa kamar cokali na iya nuna ƙarancin jini. Baƙin layi ko tabo a farce ko tafin ƙafa, wanda ke faɗaɗa ko ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti. Shahararren mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, ciwon dajin da ya kashe shi a 1981, yana da shekara 36, a ƙarƙashin farcen ƙafa ya fara.

Yadda likitan fata ke aiki, da inda za a same shi

In kun je, zai tambayi yaushe abin ya fara, wa ke da irinsa a gida, me aka sha, me aka shafa. Ku tafi da dukan mayukan da kuka yi amfani da su, da na kanti da na gargajiya, kada ku ɓoye. Zai duba fata cikin haske, wani lokaci ya kankari ɗan ɓawo ya duba a madubin likita, ko ya yanki ɗan ƙanƙanen nama a auna, ko ya sa a gwada jini. Mace na da ikon neman wata mace ta tsaya tare da ita lokacin dubawa.

Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar nan, galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Gwagwalada. Amma ba sai kowa ya je can ba. Ku fara da asibitin unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, daga nan a san inda za a dosa.

Jama'a, in kun manta da kome, ku riƙe waɗannan. Tabon da ba ya jin taɓi, da gyambon da ya wuce wata ɗaya bai warke ba, da baƙin tabon da ke girma, da ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, da fatar da ta saɓule bayan shan wani magani, duk waɗannan na asibiti ne, ba na kemis ba. Kada ku shafa man da ba ku san abin da ke cikinsa ba. In an ba ku magani ku shanye shi har ƙarshe. Kada kuma ku ƙyamaci mai ciwon fata, ƙyama ce ke sa mutane ɓuya har ciwo ya ci ƙarfinsu.

Kuɗin motar da na ƙi kashewa ran nan bai kai rabin abin da na kashe daga baya ba, ga kuma tabon da ɗana zai zauna da shi. Ina roƙonku wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.